Daga Wusasa Zuwa Ƙofar Mata: Jagorar Mai Zuwa Kallon Sai Masu Gida

Duk ranar Asabar da Lahadi gidajen kallo na Wusasa da Ɗan Magaji cike suke maƙil. Matasanmu sun san nawa Real Madrid ta sayi wane, sun san wanda ya ji ciwo a Arsenal da ranar da zai warke, amma da yawansu ba su taɓa zama a filin wasa sun ga ƙwallon babbar gasar Najeriya ido da ido ba. Wannan abu yana damuna, domin Kano ba nisa gare ta ba. Daga Wusasa zuwa filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata bai fi kilomita 150 da 'yan kai ba, tafiyar awa biyu zuwa biyu da rabi idan hanya ta yi kyau.

A Amurka masu son besbol, wato ƙwallon nan da ake duka da sanda, sukan ɗauki hutun aiki su wuni a mota don su ga ƙungiyarsu a tsohon fili irin Fenway Park na birnin Boston, wanda aka buɗe a 1912. Alhali ƙungiyar tasu wasa 162 take bugawa a kaka guda, 81 daga ciki a gida. Wanda ya rasa na yau, gobe ma akwai. Mu kuwa ƙungiyoyi 20 ne a Firimiyar Najeriya, kowace tana buga wasa 38, kuma 19 kacal ne a gidanta. Idan aka cire na tsakiyar mako da mai aiki ko ɗalibi ba zai samu zuwa ba, Lahadin da ta rage maka ba ta da yawa. Shi ya sa wadda ka zaɓa ta cancanci shiri na sosai.

Na gina wannan jagora a kan Kano Pillars, wato Sai Masu Gida, ne saboda ita ce mutanenmu suka fi bi. Jihar Kaduna tana da tarihinta mai daraja: Ranchers Bees ta kai wasan ƙarshe na kofin masu riƙe da kofuna na Afirka a 1988, Kaduna United kuma ta ɗauki kofin ƙalubale a 2010 bayan ta doke Enyimba a bugun fanareti. Amma shekaru da dama jihar ba ta samu wakili mai ɗorewa a babbar gasa ba, sai zukatan Zazzagawa da yawa suka karkata ga maƙwabta. Pillars kuwa an kafa ta a 1990 daga haɗewar WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North. Ta lashe gasar ƙasa a 2008, sannan sau uku a jere a 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin zakarun Afirka a lokacin, bayan kunnen doki 1-1 a gida da 2-2 a Alƙahira, ta kai har wasan kusa da na ƙarshe inda Heartland ta Owerri ta tsayar da ita. Wanda zai shiga filin Ƙofar Mata ya kamata ya san wannan, don ya san darajar inda yake zaune.

Fara da dawowa

Kuskuren mafi yawan masu zuwa kallo shi ne su shirya zuwa, su bar dawowa ga sa'a. Ka juya abin. Wasannin gasar galibi ƙarfe huɗu na yamma ake take su. Minti casa'in, da hutun rabin lokaci, da ƙarin lokaci, za a tashi dab da ƙarfe shida. A lokacin hunturu, daidai wannan lokacin rana take faɗuwa a Kano. Kafin ka fice daga turmutsitsin ƙofa, ka yi Magariba, ka samu adaidaita sahu zuwa tashar Unguwa Uku, bakwai ta wuce. Motar haya kuma ba za ta tashi ba sai ta cika. Ke nan da wuya ka taka tashar Kwangila ta Zariya kafin tara da rabi ko goma na dare, ga kuma neman abin da zai ƙarasa da kai Wusasa.

Saboda haka tun kafin ka taɓa kuɗin mota, ka zaɓi ɗaya daga cikin hanyoyi uku. Ta farko, kuma ita na fi so ga mai zuwan fari, ka kwana a Kano. Da wuya Bazazzagi ya rasa ɗan'uwa ko abokin karatu a Kano. Ka kira shi tun ranar Alhamis, kada ka faɗo masa da dare ba sanarwa. Washegari bayan Asuba ka kamo hanya, kafin tara kana gida. Ta biyu, ku haɗu ku yi shatar mota, wadda za ta jira ku ta dawo da ku har ƙofar gida. Ta uku ita ce motar tasha da dare, kuma ba na ba yaro ko wanda bai san Kano ba shawarar bin ta shi kaɗai.

Tafiyar dare ba abin wasa ba ce ko ga 'yan wasan kansu. A watan Maris na 2015 'yan fashi suka buɗe wa motar Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, suna kan hanyar Owerri, aka raunata 'yan wasa da dama. Hanyar Zariya zuwa Kano ta fi wannan cikar jama'a, an kuma gyara ta, amma gyaran ya zo da nasa haɗarin: titi ya yi santsi, direbobi sun samu wurin gudu, ga manyan motoci da ake ajiyewa a gefen hanya ba fitila.

Idan shata za ku yi, ga yadda ake yin ta ba rigima. Ku naɗa mutum guda ya riƙe kuɗi da sunaye. Kowa ya biya nasa kafin ranar Juma'a, domin alkawarin "zan bayar a mota" shi ke kashe tafiya. Ku nemi direban da wani a unguwa ya san gidansu, ku yi magana da shi a fili: "Malam, kai da kawowa ne, za ka jira mu har a tashi, kuɗin mai da na ajiye mota a cikin cinikin suke ko a'a?" Ku ba shi rabi da safe, rabi idan ya sauke ku. Ku saya masa tikiti idan yana so, amma ku roƙe shi ya ɗan runtsa da rana, tunda shi ne zai riƙe sitiyari da dare bayan kowa ya gaji da ihu.

Ka tabbatar da fili kafin ka tabbatar da rana

Wannan shi ne abin da baƙon gasar Najeriya bai sani ba. "Wasan gida" ba kullum yake nufin Kano ba. Pillars ta buga wasannin gidanta a filin Ahmadu Bello na Kaduna a kakar 2020/2021. A 2022 an tura ta Abuja. An kuma sha mayar da ita filin Muhammadu Dikko na Katsina, ko dai saboda hukunci, ko saboda masu shirya gasa ba su gamsu da yanayin filin Kano ba. Rana ma takan canza: wasan Lahadi ya koma Asabar ko Litinin saboda talabijin, ko zaɓe, ko abokan karawa suna da wasan Afirka.

Jadawalin da aka fitar a farkon kaka jagora ne kawai. Ka duba shafin ƙungiyar da na hukumar gasar a Facebook ranar Alhamis, ka sake dubawa daren Asabar. Ka saurari shirin wasanni na gidajen rediyon Kano irin su Freedom da Rediyon Kano, waɗanda ake samu a waya. Abin da ya fi duka shi ne ka samu lambar wani ɗan Kano mai zuwa fili kullum, ka kira shi da safe kafin ka fita. Tambaya uku za ka yi masa: a ina za a buga, ƙarfe nawa, kuma an yarda 'yan kallo su shiga? Ta ukun nan tana da muhimmanci, don akwai wasannin da ake bugawa ƙofa a rufe.

Wane wasa za ka zaɓa? Zuciya za ta ce Enyimba, ko Rangers ta Inugu, ko Katsina United, inda fili ke cika har ya batse. Ni dai shawarata ga mai zuwan fari ita ce ya fara da wasa matsakaici, ya koyi ƙofofi da hanyoyin fita a ranar da ba a matse ba. Babban wasa ya zama zuwansa na biyu.

Kuɗi da kaya

Ba zan faɗa maka kuɗin mota ba, domin tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 farashi bai zauna wuri guda ba. Ka tambaya a Kwangila kwana guda kafin tafiya. Lissafin dai shi ne: acaba ko adaidaita daga Wusasa zuwa tasha, mota zuwa Kano, adaidaita zuwa fili, tikiti, abinci da ruwa, sannan duk wannan hanyar a dawowa. Abin da ya kama, ka ɗora masa rabinsa. Kuɗin motar dare yakan fi na rana, kuma mai adaidaita da ya ga jama'a sun fito daga fili lokaci guda ba zai yi maka farashin safe ba.

Ka riƙe tsabar kuɗi, da canji ƙanana. Inda dubban mutane suka taru sabis ɗin waya yakan yi nauyi, tiransifa ta maƙale kana tsaye a bakin ƙofa. Ka raba kuɗin gida biyu: na kashewa a aljihun gaba, na dawowa a aljihun ciki, kuma kada ka taɓa na biyun ko da wa ya roƙe ka.

Kaya kuwa, iya abin da aljihu zai ɗauka. Jaka tana jawo bincike a ƙofa, tana kuma jawo idon 'yan sane. Katin shaida, waya mai cikakken caji, hular rana, hankici. Takalmi rufaffe mai igiya ya fi silifas, domin a turereniyar fita wanda aka take wa silifas ba ya samun damar sunkuyawa. Idan hunturu ne ka sa rigar sanyi a ƙarƙashin jesi ko ka ɗaura ta a ƙugu. Iskar da ke shigowa ta tagar mota da dare tsakanin Kwanar Dangora da Tashar Yari ba ta da sauƙi. Idan damina ce, ledar da za ka naɗe waya a ciki. Kada ka ɗauki wuƙa ko da ta yankan farce ce, kada ka ɗauki kwalba. Masu tsaron ƙofa za su karɓe, kuma suna da gaskiya. Idan kana da babbar waya da ƙarama, bar babbar a gida. Hoton da za ka ɗauka bai kai takaicin ƙwacen waya ba.

Launin Pillars rawaya ne da kore. Ana sayar da jesi da hula a kewayen fili ranar wasa, kuma da ciniki. Wanda ba shi da jesi ba wanda zai tsangwame shi, sai dai kada tsautsayi ya sa ka saka launin baƙi ka zauna a tsakiyar masu gida.

Hanya

Wusasa gari ne na coci da masallaci tun lokacin da mishan ɗin CMS ya taso daga cikin birni ya zauna a nan a 1929, aka gina cocin St. Bartholomew da asibitin St. Luke. Don haka motar 'yan kallo daga Wusasa takan haɗa Musulmi da Kirista, kuma lokacin tashi ya kamata ya yi wa kowa adalci. Mai zuwa coci ya halarci sujadar farko. Idan kun bar Wusasa ƙarfe goma, ko sha ɗaya in an makara ƙwarai, kun yi daidai. Duk wanda ya wuce sha biyu bai tashi ba, ya san caca yake yi da mintunan farko na wasa.

Mai bin motar tasha yana da zaɓi biyu. Yana iya tsayawa bakin babban titi a Ɗan Magaji ya tari motar da ta taso daga Kaduna da gurbi, wanda ya fi sauri amma ba ka san direba ba, ba kuma wanda ya rubuta sunanka. Ko ya ƙarasa Kwangila ya shiga motar layi. Ni na fi son ta biyu. A Kwangila, kafin ka sauka daga acaba 'yan kamasho sun kewaye ka, "Kano ɗaya! Kano mutum ɗaya!" Kada kiran ya ruɗe ka. Leƙa cikin motar da kanka. Idan ka ga mutum uku zaune ba kaya a cinyarsu, ba sa kallon agogo, ba sa ƙorafin zafi, to wataƙila 'yan cika ido ne, za su sauka ɗaya bayan ɗaya yayin da fasinjan gaske ke shigowa. Dubi tayoyi. Dubi idon direba. Ƙaramar mota ta fi bas saurin cika, amma idan an ce mutum biyu a gaba, biya kuɗin kujerar duka ko ka koma baya. Kuma ka tambaya tun a nan, "A ina za ka sauke, Na'ibawa ko Unguwa Uku?"

Daga Kwangila hanya miƙaƙƙiya ce: Tashar Yari, sai ka shiga ƙasar Kano ta Kwanar Dangora, ka wuce Dakatsalle da Ciromawa, sai gonakin rani na Kadawa da Kura, inda ruwan madatsar Tiga ya sa shinkafa da tumatir suke kore ko a tsakiyar bazara. Bayan gadar Tamburawa ka fara shirin sauka. Idan direba yana gudun da ya wuce hankali, ka yi magana da ladabi amma da ƙarfi: "Direba, don Allah a sassauta, ba sauri muke ba." Sauran fasinja galibi jira suke wani ya fara.

A cikin Kano kada ka tsaya neman ɗan acaba irin na Zariya. An hana haya da babur a birnin tun 2013. Adaidaita sahu za ka hau. Ka ce masa Ƙofar Mata, filin ƙwallo. Idan ba ka samu mai zuwa kai tsaye ba, ka yi hawa biyu ta titin Zariya zuwa wajen Ƙofar Nasarawa, daga nan ka ƙarasa. Ku gama ciniki kafin ka zauna.

Wanda ya isa da wuri yana da abin gani. Karofin Ƙofar Mata, marinar nan mai ɗaruruwan shekaru, 'yar tafiyar ƙafa ce daga fili, ga Kantin Kwari a kusa. Ka ci abinci na sosai kafin ka shiga, kuma tunda Kano ka zo, ka nemi gurasa bandashe: a tsoma ta a ruwa ta yi laushi, a barbaɗe ta da ƙuli-ƙuli mai yaji, a zuba man gyaɗa, a yanka albasa da tumatir a kai. Tana riƙe ciki har dare, ba ta kuma da nauyin da zai sa ka gyangyaɗi.

Batun salla shi ma a tsara shi. Azahar ba matsala, masallatai sun kewaye wurin. La'asar ce takan faɗo dab da take wasa, ga layin alwala. Ka riƙe alwalarka tun daga waje. Tafiyar ta kai nisan da matafiyi ke samun sauƙi a kan salla, don haka ka tambayi malaminka hukuncin kafin ranar, ka tafi da saninka.

Ƙofa da mazauni

Filin Sani Abacha ba ƙaramin wuri ba ne a tarihin ƙwallo. An buga gasar matasa ta duniya a cikinsa a 1999, da gasar cin kofin Afirka a 2000, da ta 'yan ƙasa da shekara 17 ta duniya a 2009. Mazauninsa kimanin 16,000 ne, kuma a babban wasa masu son shiga sun fi haka nesa ba kusa ba. Ka kasance a bakin ƙofa ƙarfe biyu, ko kafin haka idan babban wasa ne.

Tikiti hawa-hawa ne: na ɓangaren jama'a mara rufi, na rumfa, da na manyan baƙi. Ka saya daga wurin da aka tanada, inda ka ga layi da jami'ai. Wanda ya matso kusa da kai ya ce "kawo rabi in shigar da kai" yana cutar ka, yana kuma cutar ƙungiyar da ka taso tun daga Zariya don ka goya wa baya. Kuɗin ƙofa haƙƙin ƙungiya ne. Ina jin zafin ganin mutum ya biya kuɗin gidan kallo duk mako don ƙungiyar Ingila ba gardama, amma ya zo nasa filin yana neman haure katanga.

Idan aljihu zai iya, zuwan farko ka shiga rumfa, musamman a watannin Maris da Afrilu da rana ke dukan kai. Idan ɓangaren jama'a ne, dubi inda rana za ta faɗi ka ba ta baya. Zauna daga sama-sama, kusa da matakala, inda kana ganin hanyar fita. Can ƙasa jikin waya nan ne jifa ke sauka, nan ne kuma ake matse mutum idan an ruɗe. Kafin ku zauna, ku 'yan mota ɗaya ku ajiye magana: idan an rabu, a haɗu a wuri kaza a waje, wuri mai suna wanda kowa ya gani da idonsa, ba "bakin ƙofa" ba.

Yanzu kuma ka mayar da waya aljihu ka yi kallo. Abin da talabijin ke ɓoye maka shi ne duk abin da ke faruwa inda ƙwallo ba ta. Ka zaɓi ɗan tsakiya guda ka bi shi da ido na minti biyar: yadda yake waiwaye kafin ƙwallo ta iso shi, yadda yake nuna wa na bayansa gurbi da hannu. Wanda ya ga Rabi'u Ali, Pele na Kano, a fili ya san abin da nake nufi. Ya haura shekara arba'in yana wasa, ba da gudu ba, da sanin inda zai tsaya. Idan aka samu bugun tazara a bakin da'ira sai ka ji fili ya yi tsit na ɗan lokaci, ganguna su sassauta, kowa ya miƙe tsaye. Idan raga ta motsa, mutumin da ba ka taɓa gani ba zai rungume ka, ruwan leda ya fashe a sama, "Sai Masu Gida!" ta tashi daga kowane ɓangare har ka ji simintin ƙarƙashinka yana rawa. A wannan ƙungiya Ahmed Musa ya yi kakar da ya ci ƙwallo 18 a 2009/2010 kafin ya tafi Turai, kuma waɗanda suka gan shi a lokacin har yau suna ba da labari. Yaron da za a yi irin wannan labari a kansa gobe, wataƙila yana cikin waɗanda za ka gani suna motsa jiki kafin a take wasa.

Hannunka da bakinka

A nan ne nake so mu yi maganar gaskiya. Pillars ta yi kusan shekara 12 ba a doke ta a gida ba a gasar ƙasa, har sai da Nasarawa United ta karya tarihin a 2015. Wannan abin alfahari ne, amma ya bar wa wasu 'yan kallo wata mummunar fahimta, cewa rashin nasara a gida cin mutunci ne da sai an rama da hannu. A watan Afrilun 2022, a wasa da Katsina United, rikici ya ɓarke, aka farfasa motar baƙi. Aka cire wa Pillars maki, aka ci ta tara, aka kore ta zuwa Abuja. A ƙarshen kakar ƙungiyar da ta ci gasa sau huɗu ta faɗa rukuni na biyu, sai a 2023 ta dawo. A watan Oktoban 2025 kuma, bayan kunnen doki da Shooting Stars ta Ibadan, 'yan kallo suka afka cikin fili, aka sake cire maki uku, aka sake rufe Ƙofar Mata. Waɗanda suka yi jifan ba su ƙara wa ƙungiya ko maki ɗaya ba. Sun dai hana dubban mutane, har da mu na nesa, ganin wasa.

Alƙalin wasa yana kuskure, wani lokaci ma kuskuren ya yi kama da ganganci. Yi ihu, yi sowa, ka ce ba ka yarda ba. Wannan haƙƙinka ne da ka saya da tikiti. Amma hannunka ya tsaya a jikinka, kuma kada ka zagi iyayen kowa. Idan na kusa da kai ya ɗauki dutse, ka ce masa, "Haba ɗan'uwa, so kake a sake kai mu Katsina?" Sau da yawa wannan kalma ɗaya tana isa. Idan ba ta isa ba, ka matsa.

Ka koyi karanta fili. Idan saura minti goma, masu gida ba sa kan gaba, ka ga ledojin ruwa sun fara sauka a gefen mataimakin alƙali, matasa suna gangarowa jikin waya, 'yan sanda suna gyara tsayuwa, to lokacin tafiyarka ya yi. Kai baƙo ne, ba ka san lungunan Fagge da na cikin gari ba. Idan kuwa har an harba barkonon tsohuwa kana ciki, kada ka ruga ƙofa tare da jama'a, domin turmutsitsi ya fi hayaƙin kisa. Jiƙa hankicinka ka rufe hanci da baki, kada ka murza ido, ka hau sama ɓangaren da iska ke fitowa, ka jira.

Ko lafiya aka tashi, kada ka yi gaggawa. Zauna minti goma ko sha biyar ƙofa ta yi sauƙi. A waje kada ka fito da waya a cikin cunkoso. Taka zuwa wurin haɗuwarku tukuna. Mai riƙe da sunaye ya ƙirga kowa kafin mota ta motsa, kuma a kira gida a ce an taso.

In wasan ba a Kano yake ba

Idan aka ce Kaduna ne, ka yi murna: daga Ɗan Magaji tafiyar kamar awa guda ce, kana iya dawowa ka ci tuwon dare a gida. A filin Ahmadu Bello ne ma Pillars ta ɗauki kofin ƙalubale na 2019, bayan ta doke Niger Tornadoes a fanareti. Idan Katsina ne, maganar ta canza. Hanyar Funtuwa da Malumfashi da Kankiya doguwa ce, ta kuma ratsa yankunan da suka sha fama da matsalar tsaro. Da rana za ka je, kwana za ka yi, kuma ka tambayi direbobin layin halin da hanya take ciki a wannan makon. Jos da Bauci su ma tafiyar kwana ce, kuma a can kai ne baƙo: ka zauna tare da ayarin magoya bayan da suka zo daga Kano, ka rufe jesinka da riga idan za ka shiga gari.

Game da yara, ina goyon bayan a kai su, domin wanda aka kai fili yana ɗan shekara goma ba ya mantawa. Amma a zaɓi wasa mara zafi, a shiga rumfa, a rubuta lambar waya a takarda a sa masa a aljihu, babba guda ga yaro guda. Haka ma 'yan'uwa mata masu son zuwa, a tafi cikin ayari, a zauna a rumfa.

Don haka ɗan'uwa, ka nemi jadawalin wannan kaka yau, ka ja layi a ƙarƙashin Lahadi guda, ka kira mutum biyar daga cikin waɗanda kuke zama benci ɗaya a gidan kallo, ku fara tara kuɗin mota. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku Wusasa lafiya.